Littafin gonar jigawa, daga rani zuwa rani

14 ga Janairu, 2023

Gonar eka huɗu ce da 'yan kai, arewa da Gumel ta ɓangaren hanyar Maigatari. Gado ce. Kashi biyu cikin uku jigawa ce mai rairayi, sauran kuma fako ne da ya daɗe bai ga fartanya ba, in ruwa ya sauka a kansa sai ya gangare zuwa wani ɗan kwazazzabo a kusurwar kudu. Manyan itatuwa huɗu ne kacal: gawo biyu, aduwa ɗaya, da wata tsohuwar kuka da aka sha ɓare mata ɓawo don igiya.

Abin da nake nufi shi ne gona mai hawa-hawa. Manyan itatuwa a sama, masu 'ya'ya a tsakiya, hatsi da wake da ganyen miya a ƙasa, dabbobi su ci ragowa su mayar da taki, ba sai na jira buhun takin zamani ko injin ban ruwa ba. Ɗan wana da ke jami'a ya ce ai wannan shi ne famakalca, tsarin da wasu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka fitar a shekarun 1970, har ya cika min waya da hotunan ayaba da gwanda sun rufe sama. Hotunan sun yi kyau, amma na ƙasashe ne da ruwansu ya ninka namu. Mu nan in shekara ta yi daɗi milimita 500 zuwa 600 ne, cikin wata uku zuwa huɗu, sai wata takwas na rana da iska. Don haka darasina daga Maraɗi na ɗauko shi. A can ne, tun 1983, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tofon kututturan itatuwa ne da saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Sassabin zamani, wato rainon wannan tofo maimakon sare shi, ya bazu daga nan, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Yau mun zaga gonar da adda da tsummokara ja. Duk kututture mai rai, a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi miƙewa, a sare sauran, a share ƙananan rassan waɗanda aka bari zuwa rabin tsayinsu. Saran daga ƙasa zuwa sama ake yi, da adda mai kaifi, don kada ɓawo ya yage. Mun ɗaura tsumma a kututture 63: sabara da kalgo sun fi yawa, sai magarya 11, ƙananan gawo 9, aduwa 4, da bagaruwa kaɗan.

Kawu ya zo ya tsaya a bakin gona, hannu a baya. "Kai ɗan nan, gonar da ba a share ba ai ta rago ce. So kake a ce gidanmu ya mutu?" Na ce, "Kawu, a yi min haƙurin damina biyu." Bai ce komai ba, ya dai tura hularsa gaba ya wuce.

25 ga Fabrairu, 2023

Haƙan tassa a kan fako. Rami ne mai faɗin taƙi ɗaya, zurfi kamar santimita 15 zuwa 20, tsakaninsa da na gaba taku ɗaya, a jere su a karkace yadda ruwan da ya tsere wa wannan zai faɗa wa wancan. Ƙasar da aka tono a tara ta ta gefen gangare. Kowane rami tafi biyu na taki. Dabarar ta mutanen Yatenga ce a Burkina Faso, inda wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya inganta ta da zuba taki tun rani. Daga can manoman Illela ta jihar Tawa suka ɗauko ta a ƙarshen shekarun 1980. Sirrin yana wajen gara: taki ke jawo ta, ita kuma ta huhhuda ƙasa ta yi wa ruwa hanya.

Aiki ne mai karya ƙugu. Diga na sauka a fakon nan tana tashi da ƙara, hannu ya yi kanta kafin azahar. Ga kuma matsalar canjin kuɗi da ta sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, samarin da ke haƙa suka ce ba su san wata tura kuɗi ta waya ba. Mun daidaita a kan gero, kwano-kwano bisa yawan ramuka, kuma ban ga wanda ya yi ƙorafi ba.

A saman kwazazzabon mun yi rabin wata, wato kunyar tare ruwa mai siffar rabin da'ira, guda 18, kowanne faɗin mita 4, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa. Ba da ido muka daidaita su ba. Sanda uku aka haɗa, biyu a tsaye ɗaya a gicciye, da zare mai dutse a rataye, ita ke nuna wuraren da suke tsayi ɗaya.

15 ga Afrilu, 2023

Azumi ne, aiki daga asuba zuwa hantsi kawai.

Shinge shi ne babbar magana. Wanda bai taɓa rainon itace a karkara ba zai ɗauka fari ne babban abokin gaba. Akuya ce. Daga girbi zuwa shuka dabbobin gari a sake suke, kuma haƙƙinsu ne a al'ada, ba mai cewa don me. Waya mai ƙaya ta eka huɗu ta fi ƙarfin albashin malamin makaranta, don haka na raba gonar biyu. Rabin eka kusa da rumfa shi ne lambun itatuwa, shi za a killace sosai. Sauran ya zauna gonar hatsi da kututturanta, kowane ƙaramin gawo da 'yar da'irar ƙaya. Mun kafa sandunan dashi da aguwa a kewayen lambun. Yanzu ne lokacinsu, kafin ruwa, don in an kafa su a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa suke yi. Tsakaninsu an cusa rassan magaryar da aka sare a Janairu.

Renon iri yana gida, bayan ɗakin girki inda uwargida ke zubar da ruwan wankin shinkafa. Ledojin ruwan sha da yara suka tsinto su ne tukwanen. 'Ya'yan kuka da tsamiya da ɗorawa an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, zogale kuwa ba ya buƙatar roƙo. Na sayo mangwaro ɗan aure 6, gwaiba 6, lemun tsami 4 daga wajen wani mai lambu. Kaɗanya na haƙura da ita: ta fi son kudu da nan, kuma sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya.

10 ga Yuni, 2023

Tun jawabin 29 ga Mayu da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Lissafin kai ruwa da taki a babur ya rushe. Na sayar da tsohon injin janareta na sayi jaki da amalanke. Jakin yana da taurin kai in aka nufi gona, amma hanyar gida ba sai an nuna masa ba.

Rumfar gona ta samu rufin kwano mai murabba'in mita 30 da indararo zuwa tanki. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, ke nan damina mai milimita 500 za ta zubo lita 15,000 daga wannan ɗan rufi. Tankin lita 2,000 kawai yake ɗauka, rarar na bi ta wata 'yar hanya zuwa ramin da za a dasa lemu.

1 ga Yuli, 2023

An yi ruwan shuka. Gero a tassa da jigawa, bayan sati biyu wake a tsakani. Gyaɗa a gefen gabas, yakuwa da kuɓewa da rama a bakin shinge, kabewa a gindin rabin wata. Gamba a kan kunyar kowane rabin wata don ta riƙe ƙasa.

19 ga Agusta, 2023

Da safen nan na durƙusa a bakin wata tassa na tona da yatsa. Takin da aka zuba a Fabrairu ya zama baƙar ƙasa mai laushi, ga ƙananan ramukan gara sun yi ƙasa ko'ina, danshi har inda yatsa ya kai. Taku ɗaya daga nan, fakon yana nan yadda yake, in ka buga shi da dunduniya sai ya amsa. Geron da ke cikin ramukan ya yi duhu ya yi kauri, ya fi na jigawa.

A jigawar kuwa wuta-wuta ta fito da jan furenta, musamman inda ƙasa ta fi gajiya. Tushe ɗaya na zubar da dubban iri, irin kuma na iya shekara goma ko fiye a ƙasa yana jiran saiwar hatsi. Mun tuttuge ta kafin ta yi 'ya'ya, muka ƙona a rami. Abin lura: a kewayen manyan gawon nan biyu kusan babu ita. Gawo ya zubar da ganye tun farkon damina, yana tsaye tsirara, rana na ratsa shi, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsayi. Sabara ma ba ta cuci geron da ke kusa da ita ba. Akwai binciken da aka yi a Senegal da ya nuna saiwarta na janyo ruwa daga can ƙasa da dare, hatsin da ke kusa ya samu rabo.

An dasa itatuwan reno a lambu tun tsakiyar Yuli, kowanne a rami mai zurfin kamu ɗaya, da taki da toka. Garar da ke yi min aiki a fako ita ce ta ci gwaiba biyu a lambu. An ƙara toka, an kuma janye busasshen kara daga jikin tsiron, a bar tazarar tafin hannu.

Maƙwabcina na yamma ya aiko ƙaninsa da saƙo cewa itatuwana za su tara masa tsuntsaye. Maganarsa ba ta banza ba ce, jan baki na son wurin sauka. Na yi alkawarin rage rassan da ke kan iyaka kafin gero ya yi ido, kuma na cika.

21 ga Oktoba, 2023

Girbi. Fakon da bai taɓa ba da ko zangarniya ba ya ba da dami 7. Jigawa ta ba da abin da ta saba, ba ƙari. Wake ya sha tsutsa duk da feshin ruwan 'ya'yan darbejiya. Abin da aka samu an shanya shi sosai an zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, a ɗaure kowace daban. Ba magani, iskar ciki ce ke ƙarewa ƙwarin su mutu.

Harawar wake da ta gyaɗa an ɗaure an ɗora a kan rumfa. A wannan tsari harawa ba ta gaza ƙwayar daraja ba. Karan gero kuwa kashi uku aka yi: na danni, na dabbobi, da wanda aka kwantar a ƙasa don iska ta tara masa rairayi da ganye. A kan wannan na ukun ma mun yi 'yar muhawara da Kawu, shi a ganinsa kara a ƙasa asara ce.

2 ga Nuwamba, 2023

Kasuwar Maigatari, ranar Alhamis. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, kasuwar dabbobi ta rage cika, kuɗin dabba ya hau. Na sayi jajayen awaki uku, irin da ake kira na Sakkwato a nan, na Maraɗi a can, masu yawan haifar tagwaye, waɗanda fatarsu ta yi suna a kasuwannin duniya tun zamanin fatake. Na duba haƙora, ido, hanci, da ƙarƙashin wutsiya. Dillali ya ce, "Malam, kai da za ka yi kiwo ne ko aure za ka ɗaura?" Bunsuru ban saya ba, na Kawu ya isa unguwa guda.

Da gangan na jinkirta sayen dabbobi har sai da harawa ta hau rumfa. Mai son haɗa itatuwa da awaki a fili ɗaya, to ya fara da abincinsu, in ba haka ba itatuwan ne za su zama abincin. Awakin a turke suke ƙarƙashin rumfa, ana yanko musu a kawo: harawa, dusa, ganyen kalgo da 'ya'yansa, rassan da aka rage daga kututtura. Ƙarƙashinsu ana shimfiɗa ƙaiƙayi da kara, ya sha fitsari da kashi, duk sati biyu a kwashe a zuba a ramin taki, a yayyafa ruwa a rufe. Malamin dabbobi ya yi musu rigakafin annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, ya ce allura ɗaya na riƙe su shekara uku. Ya kuma ja kunnen yara kan gyauron dawa, ɗanyen tofon nan da ke fitowa bayan girbi, wanda ke iya kashe dabba cikin sa'o'i.

16 ga Disamba, 2023

Zama da Arɗo a gaban mai unguwa. Tsohuwar yarjejeniya ce da aka yi sakaci da ita: shanu su kwana a gona bayan girbi, su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. Na roƙi abu biyu, a riƙa matsar da makwancin shanun bayan 'yan kwanaki don takin ya bazu, kuma kada a sassare wa shanu ƙananan gawo masu jan tsumma. Arɗo ya ce, "Malam, mu da gawo ai ba ma faɗa. Ka bar mana 'ya'yan manyan in sun zubo." Mai unguwa ya ce, "To kun ji, ni ne shaida." Na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode."

Ni na fi cin riba a wannan ciniki. Ƙwayar gawo mai tauri ce, in ta bi ta cikin saniya ta fito a cikin kashi ta fi saurin tsira, ga takinta a tare da ita. A wannan wata manyan gawon sun cika da ganye kore shar, shanu na kwance a inuwarsu da rana suna tuƙa, duk abin da suka zubar a gindin yake zama.

Hunturu ya kawo ciwon kajin nan da ke share akurki, wanda likitoci ke kira Newcastle: kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, wuya ya murɗe. Gidaje da dama a unguwa sun yi asara. Namu goma an ɗiga musu maganin rigakafi a ido tun Oktoba, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi mai jure zafi, kuma an hana shigo da kazar kasuwa. Ɗaya ta mutu, tara na nan.

Labari ya zo cewa Yacouba Sawadogo ya rasu a farkon watan nan. Shi da Rinaudo sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara ɗaya, 2018. Allah ya jiƙansa.

10 ga Fabrairu, 2024

An sare min kalgo 5 da sabara 8 da dare, daga tushe. Ba ƙeta ba ce, itacen girki ne. Gas da kananzir sun gagari talaka. A ƙauyukan Maraɗi kwamitocin gari ne ke tsaron irin wannan, mu nan gona ɗaya ce tsakanin gonaki sharar fes, dole ido ya faɗa mata. Na gaya wa matan unguwa ta bakin uwargida cewa duk ranar da za a rage rassa su zo su kwasa kyauta, amma a bar uwar. Kututturan da aka sare za su sake tofo, shekara ɗaya ce ta tafi.

A gida an gina murhun laka mai baki ɗaya wanda tukunya ke zama a cikinsa daram. Uwargida ta ce itacen da take ƙonawa ya ragu sosai, amma tuwon taro sai a murhun duwatsu.

20 ga Afrilu, 2024

Zafin bana ya wuce misali, tun cikin azumi. Tanki ya ƙafe tun Janairu, jaki ke jigilar jarkoki daga famfon tuƙa-tuƙa na gari. Abin da ya ceci lambu shi ne tuluna. Kowane itace mai 'ya'ya an binne masa tulun yumɓu mara fenti har wuya, a cika shi da ruwa a rufe da kasko. Ruwan na tsattsafowa ta jikin yumɓu a hankali. Na tone gefen ɗaya don in gani: saiwoyin lemu farare sirara sun nannaɗe tulun kamar gashi.

Ƙidayar rai: mangwaro 2 cikin 6, gwaiba 3, lemun tsami 4 duka, tsamiya 7 cikin 10, ɗorawa 3 cikin 10, kuka duka sun zubar da ganye amma jikinsu ɗanye ne. Zogale an datse shi daidai ƙugu, yana ta sabon tofo, shi ne ganyen kwaɗon gida duk ranin nan. A ɗaya ɓangaren, kututturan da ba a taɓa ba su ko cokalin ruwa ba, ban da waɗanda aka sare, ba wanda ya mutu, wasu kalgon sun wuce tsayina. Mangwaro a wannan jigawa kwaɗayi ne kawai, ba zan ƙara sayen ko ɗaya ba. Kuɗin da wahalar da mangwaro shida suka ci sun isa a gyara kututture ɗari.

22 ga Yuni, 2024

An yi Babbar Sallah ranar 16. Awaki biyu sun haihu a Mayu, wata biyar cif bayan barbara, ɗaya tagwaye ɗaya tilo. Ana ɗan tatsa wa yara da safe bayan 'ya'yan sun sha.

Zabi sun fara ƙwai da shigowar damina. Zabuwa ba uwa ba ce, ta bi raɓa da 'ya'ya duk su mutu, don haka ƙwai 15 aka sa wa wata kaza mai kwanci. Nata kwana 21 ne, na zabi sai 26 zuwa 28, amma ba ta tashi ba. Kaji kuma yanzu suna da aiki: in an buɗe ramin taki a bar su su tona, su cinye tsutsa da ƙwayar ciyawa. Ana kuma kifa musu tsohuwar tukunya cike da kara da busasshen kashin shanu mai ɗan danshi a bakin shuri, da safe a ɗaga ta cike da gara. 'Yan tsaki ba su da abincin da ya fi wannan.

An buɗe iyaka ta ɓangarenmu tun Maris. Ta hannun wani mai lambu na samu rassan magaryar nan mai manyan 'ya'ya da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa, wadda asalinta daga Indiya ne. Magaryoyin gona shida an datse su tun bazara, sun fito da sabon tofo mai kaurin fensir, a kansu aka yi auren: a tsaga ɓawo, a zura ido ɗaya, a ɗaure da leda, a bar idon a waje. Saiwa ta gida, 'ya'ya na baƙuwa.

Takin awaki da na shanu ya isa tassa duka da rabin jigawa. Bana ban sayi takin zamani ba ko mudu ɗaya.

7 ga Satumba, 2024

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun Agusta. Ambaliya ta ci gidaje da gonaki a sassan Jigawa da dama. A gonata rabin wata uku na can ƙasa sun fashe, su ne waɗanda gambarsu ba ta kama ba. Sauran sun cika sun tsaya, washegari ruwan ya nutse. Tassa a irin wannan shekara tana da nata aibin: ramukan da ke kwari sun riƙe ruwa har geron ya yi ja. An buɗe musu baki ta gefe. Kwazazzabon bai ƙara ci gaba ba, duwatsu da buhunan ƙasa da aka jera a bakinsa sun tara laka har kalgo ya tsiro a ciki.

Damshi ya kawo wa awaki gudawa da ciwon kofato. An ɗaga musu dandamali da itace, an ba su maganin tsutsar ciki. Auren magarya huɗu sun kama, biyu sun bushe. Ƙananan gawo da ba ni na shuka ba sun fito a makwancin shanu, na ƙirga 20 da wani abu, an sa musu ƙaya.

9 ga Nuwamba, 2024

Fako dami 11. Jigawar da ta samu taki ta fi wadda ba ta samu ba a fili, ko daga hanya ana ganin iyakar. Wuta-wuta ta ragu a wannan rabin, a ɗayan tana nan. Ba zan ce itatuwa ne suka ƙara hatsin ba tukuna, bana ruwa ya yi yawa kuma taki ne ya yi aiki. Gawon da aka gyara sai nan da wasu shekaru zai fara biya.

Kawu ya aiko a ba shi aron samarin da suka iya tassa. Bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

18 ga Janairu, 2025

Magaryar aure ta yi 'ya'yan fari, kowanne ya kai girman ƙwan zabuwa, ga zaƙi ga ruwa. Ƙudan 'ya'yan itace ya huda wasu. Duk wanda ya faɗo ana tsincewa a ba awaki don kada tsutsar ta shiga ƙasa. Yaran unguwa sun gano wurin, wannan kuma shingen dashi ba ya maganinsa.

Awaki sun zama bakwai, sun fi ƙarfin harawar da gonar ke bayarwa. Biyar za a riƙe, bunsuru biyu za su tafi kasuwa kafin azumi, kuɗinsu ya sayi tanki na biyu. Da rana yanzu ana sakin su a gonar hatsi tare da yaro, tunda yawancin kalgo da sabara sun wuce bakinsu, amma lambu haram ne har sai tsamiya da lemu sun yi wata shekara biyu.

Na wannan wata: rage rassan kututtura karo na uku, a sanar da matan unguwa ranar, gyaran rabin wata ukun da suka fashe, a dasa musu jema maimakon gamba in an samu saiwarta daga fadama, zurfafa tassar da laka ta cike, da zama da maƙwabcina na yamma kan layin bagaruwa a iyaka, ya ce zai yarda in za a raba 'ya'yan, don yana da mai saye a majema.